Mutum na Shida a Gaban Jirgin Bam

Warin fenti ne ya haɗa ni da tsohon. A farkon kullen korona ina zaune ni kaɗai a hawa na bakwai na wani tsohon bene da ke tsakanin unguwannin Chow Kit da Kampung Baru, a babban birnin Malesiya. Matata da yara sun je Kano hutu, aka rufe iyaka suna can. Jami'ar da nake digiri na uku ta garƙame ɗakin gwaji da duk abin da na shekara biyu ina haɗawa. Sai na zama ba ni da aikin yi sai jin haushi, ni kuwa dama ba na rasa abin da zan ji haushinsa. Kullum da hantsi wani wari mai hawa kai yakan shigo ta tagata, ɗan uwan kananzir amma ya fi shi naci. Na yi kwana huɗu ina haɗiyewa. A na biyar na ɗaura takunkumi, na shirya zafafan maganganu da Turanci, na je na buga ƙofar maƙwabcina.

Wani siririn tsoho ɗan asalin Sin ya buɗe, daga shi sai singileti da gajeren wando, da burushi maƙale a bayan kunne. Kafin in buɗe baki idona ya tsallake kafaɗarsa ya faɗa cikin falon. Jiragen yaƙi ne ko'ina. A bango, a jingine da kujera, a kan firiji, har wani a ƙofar banɗaki. Duk zanen fentin mai ne, kuma a gaban kowane jirgi akwai samari a tsaye, wasu na murmushi, wasu sun haɗe rai don a ce su jarumai ne.

"Warin ne ya kawo ka, ko?" ya ce, sannan ya ƙara da "lah" ɗin da mutanen garin ke liƙa wa ƙarshen magana. "Yi haƙuri lah. Na saba buɗe ƙofar gaba iska ta ɗauke, yanzu an ce cuta na yawo a waje."

Maganganun da na shirya suka bi iska. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ankul, duk kai ka zana waɗannan?" Ankul ake ce wa tsoho irinsa a garin, kuma da shi na ci gaba da kiransa. Shi kuwa da ya ji abin da ya kawo ni ƙasar sai ya laƙaba mini Dakta, duk da na faɗa masa da saura.

Daga ranar na zama ɗan aikensa. Gwiwoyinsa sun gaji, shekarunsa kuma irin waɗanda cutar ke farauta ne, don haka in zan shiga kasuwar Chow Kit sai in haɗa da cefanensa: kifi, ganye, wani lokacin in yi masa tapau ɗin shayi mai madara daga kedai mamak, shagon mai shayi da ke ƙasan benenmu, wato a ƙulla a leda, tunda an hana zama a ci a wurin. In na kawo sai in ajiye a bakin ƙofa, in ja kujerar roba in zauna a baranda, shi yana ciki yana aiki, tsakaninmu taku uku kamar yadda hukuma ta ce.

A nan na koyi cewa jiragen jefa bam ma suna da manya da matsakaita. Ankul ba ya zana manyan nan masu inji huɗu, ba ya kuma zana ƙananan masu mutum ɗaya. Nasa na tsakiya ne, masu inji biyu, da mutum huɗu zuwa shida a ciki: matuƙi da mataimakinsa, mai duba taswira, mai sakin bam, da masu bindiga. Ya ce babban jirgi mutanensa sun yi yawa, fuskoki sai su koma ɗigo-ɗigo. Ƙaramin kuwa mutum ɗaya ne da girman kansa. Na tsakiya shi ne daidai iyali guda a teburin cin abinci. Sana'arsa ita ce jikokin waɗannan samari su aiko masa da tsohon hoto daga ƙasashen Turawa, shi kuma ya mayar da shi zane mai launi. Abin da ya fi taƙama da shi bai wuce alamomin jikin jirgi ba. Kowane jirgi da harafinsa da lambarsa da ɗan zanen da mutanensa suka yi masa a hanci. Yakan kwana uku yana bincike a kan harafi ɗaya, domin a cewarsa in ka yi kuskuren harafi ka ba wa iyali jirgin wasu.

Ni ba na iya ganin abu in yi shiru. Wata rana na ce masa, "Ankul, ba ka jin komai kana yi wa abin kashe mutane kwalliya? Ka ga hasken rana a fiffike, ka ga gajimare kamar auduga. Waɗanda bam ɗin ya sauka a kansu fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce mahaifiyarsa ta taɓa kwanciya a kwata a garin nan lokacin yaƙi, tana ɗauke da cikinsa, jirage masu inji biyu suna wucewa a sama. Har ta mutu in ta ji ƙarar babur mai ƙarfi sai ta dafe kai. Ya nuna mini bangon da burushinsa ya ce in duba da kyau. Na duba. Babu jirgi ko ɗaya da ke sakin bam. Kusan duka a ƙasa suke, farfela a tsaye, samarin a gaba. Ya ce yana zana su ne kafin su tashi, lokacin da kowa na raye, na sama da na ƙasa. Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, har yau ma ban gamsu ba, amma ban sake tayar da maganar ba.

A cikin waɗannan makonni ne ƙanwata ta kira ni daga Kano. Ita ce ke zaune kusa da Baba, ita ke kai shi asibiti. Ta ce hawan jinin ido ya cinye idonsa na dama gaba ɗaya, na hagun ma likita ya ce yana tafiya, magani sai dai ya rage masa sauri. Ta ce abin da ya dame ta shi ne kullum sai ya sa an ɗauko masa gwangwanin nan, ya fito da hoton kaka, ya kai shi har bakin hancinsa yana juyawa, sannan ya ce ba ya ganin komai sai hula.

Na san gwangwanin. Na alewa ne, duk ya yi tsatsa, a ciki akwai lambobin yabo biyu da hoto guda ɗaya tak. Kakana yana cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Burma, wadda tsofaffinmu ke cewa Boma. Kafin a shiga da su daji sun yi makonni a wani filin jirgi suna gadi da gangara bama-bamai. A can aka ɗauki hoton. Turawa biyar a gaban jirginsu, sai wani baƙin mutum da faffaɗar hula a can gefe, an yanke masa rabin kafaɗa. Kaka ya rasu Baba yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma ban da wannan babu wani hotonsa a duniya. Baba ba mai rataye hoto a bango ba ne, amma wannan bai taɓa rabuwa da shi ba. Na zauna ina tunanin ina nan a ɗaure, ba zan iya zuwa in riƙe masa hannu a asibiti ba. Sai na ɗago na kalli ƙofar maƙwabcina. Na ƙudura cewa kafin idon nan ya rufe, Baba zai ga fuskar mahaifinsa babba, tar, da launi.

Ƙanwata ta ɗauki hoton da waya ta turo. Ya sha jiki. An naɗe shi an warware ba adadi, duk ya tsattsage, fararen layuka sun ratsa shi ta ko'ina. Ankul ya ɗora shi a kwamfuta ya ƙara girmansa, sai na ga tsohon nan ya koma yaro. Jela biyu! Hancin gilashi! Ya san jirgin, ya san inda aka yi aiki da irinsa, har ya tsinto rabin harafi a bayan kan ɗaya daga cikin Turawan. Sai da na yi gyaran murya na tuna masa cewa ba don jirgin na zo ba.

"Na sani, Dakta," ya ce. "Amma fuskar kakanka ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ga ta duk a karce. Kuma a gefe yake."

Na ce ya dawo da shi gaba, kusa da mai kallo, yadda fuskar za ta kai tafin hannu. Ya ɗan yi gardama, daga baya ya ce matsar da mutum ba laifi ba ne, canza alama ne laifi. Sannan ya ƙura mini ido ya ce in sauke takunkumi. Ya ce goshin ɗaya ne, haɓar ɗaya ce, abin da hoton ya cinye zai cike da fuskata. Na yi mako guda ina zama a baranda da hantsi, haɓa a sama, jirgin ƙasan monorel mai bin gada yana wucewa fayau ba kowa a ciki. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Da aka gama na ga wani kyakkyawan saurayi da kakin soja, fuska sumul, jirgi ya baza fukafukai a bayansa, Turawa biyar sun koma 'yan rakiya. Na ce wa Ankul ko a mafarki ban zaci haka ba. Raina fes na koma ɗaki.

Tsakaninmu da gida awa bakwai ne, don haka la'asar ɗina ita ce hantsinsu. Na jingine zanen inda haske ya fi kyau na yi kiran bidiyo. Ƙanwata ta kai wa Baba wayar kusa da idonsa mai gani. Na gaishe shi, na juya kyamara. Ya daɗe yana kallo.

"Jirgin ya yi kyau," ya ce. "Wannan yaron na gaba fa?"

"Baba, ai kaka ne."

"A'a. Kai ne dai aka sa wa kakin soja. Ina tsagarsa?"

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce Allah ya yi mini albarka, in gode wa mutumin da ya sha wahala, ya miƙa wa ƙanwata wayar. Daga baya ta faɗa mini ya sa an mayar da hoton cikin gwangwani an rufe.

Hali ba ya ɓuya. Maimakon in zauna da kunyata, sai na kwashe ta na kai ƙofar Ankul na sauke masa. Na ce ya goge mini kaka, ya ba ni wani ɗan kwalisa. Ya bar ni na gama. Ya buɗe kwamfuta ya ƙara girman fuskar har ta zama dishi-dishi, sai ga su: waɗansu layuka a kumatu da suka bi hanya ɗaya, ba kamar sauran karcen da ya watsu barkatai ba. Ya ce ya gan su tun farko, ya ɗauka tsufan takarda ne, har ya ji daɗin yadda ya share su tas. Na yi masa bayani cewa a da, ranar suna, wanzami yakan yi wa jariri tsagar gidansu da aska, yadda duk inda ya shiga a duniya za a san daga inda ya fito. Baba ya taɓa ba mu labarin cewa a dajin Boma da tsaga suke gane ɗan garinsu, a raye ko a mace.

Ankul ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce tunda ya fara sana'ar nan bai taɓa kuskuren alamar jirgi ba, sai ga shi ya kankare ta mutum. Ya jawo takarda da fensir.

"To mu gyara. Babanka yana da irinta, ko?"

"Yana da ita. Iri ɗaya ce."

"Madalla. Layi nawa ne? Daga ina suka tashi, ina suka tsaya?"

Na ce uku-uku ne, ina jin. Ko huɗu. Na ce daga gefen baki suka tashi, sannan na ce a'a, kamar daga wajen kunne.

"Dakta," ya ce, "shekara nawa kana ganin fuskar babanka?"

Shekara talatin da takwas. Amma ta yaya zan fahimtar da shi cewa ban taɓa ganinta yadda yake nufi ba? A gidanmu ɗa ba ya ƙura wa uba ido. In ka shiga gaisuwa ka durƙusa, kanka a ƙasa. In yana magana ka kalli tabarma, in yana faɗa ka ƙara sunkuyawa. Ko a waya, ni ina kallon gefen allo ne, ban ma san ina yi ba. Da Ankul ya ce in kwatanta masa ƙafafun Baba, da na ba shi har farcen babban ɗan yatsan hagu da ya taɓa tsagewa ya fito a karkace, da irin takalmin fatar da yake so, da yadda yake lanƙwasa yatsu in ransa ya fara ɓaci. Fuskar kuwa na san ta ne a dunƙule, kamar yadda mutum ya san ƙofar gidansu ba tare da ya taɓa ƙirga kusoshinta ba. Na yi alfahari da wannan tarbiyya duk rayuwata, kuma har gobe ban raina ta ba. Amma ranar na ji ciwon abin da ta ɓoye mini.

Na nemi hanyar sauƙi. Na ce wa ƙanwata ta ɗauko mini hoton fuskarsa. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ni zan tsaya a gaban Baba in saita masa waya a fuska? Kai ka ce masa mana." Duk da haka ta sato mini ɗaya daga nesa yana alwala. Ankul ya duba ya girgiza kai. Tsufa ya yi nasa layukan a kan na wanzami, ba a gane wanne ne wanne. Na tambayi ƙanwata ko ita ta san adadinsu. Ta ce wallahi ita ma ba ta sani ba.

Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa. A na uku na kira, na gaishe shi, na tambayi ido, na tambayi zafi, na tambayi mutanen masallaci da aka hana taruwa, har gaisuwar ta ƙare ba ni da wurin ɓuya.

"Baba, ina neman alfarma. Mai zanen yana so ya gyara, to amma… ban san yadda tsagar take ba."

"Au, ba ka sani ba?" Sai ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "To ai ga ta. Ke, kawo wayar nan."

Da yake ba ya gani sosai, sai ya kawo fuskar kusa fiye da kima, har ta cika allon. Babu gefen da zan kalla. Na ga idon dama ya yi fari-fari, na hagu yana neman inda nake bai samu ba. Na ga furfura har a gira. Na ga yadda kumatun suka zurma. A raina Baba yana nan yadda na bar shi ina yaro, ƙato mai cika ƙofa, ashe ya tsufa ina kallon tabarma. Ya ɗora ɗan yatsa a kuncin dama ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, daga gefen baki zuwa kusa da kunne. Huɗu. Ya koma hagu. Biyar. Sannan wani ɗan gajere a karkace ƙarƙashin idon hagu, ya ce wannan shi ne bille, kada a manta da shi. Yana bi ina rubutawa.

Ya ce ranar da kaka ya dawo daga yaƙi shi yana ɗan shekara huɗu, bai san shi ba. Ya ga wani ƙato da takalmin soja ya shigo gida, ya ruga ya ɓuya bayan rumbu yana ihu. Mahaifiyarsa ta jawo shi, ta kama ɗan yatsansa ta bi da shi a kan kuncin baƙon, sannan ta bi da shi a kan nasa kuncin. Ta ce ka ji? Naka ne. Ya ce daga ranar kullum sai ya hau cinyar kaka yana bin layukan da yatsa, har ya kai shekarun da aka koya masa sunkuyar da kai.

Na ce, "Baba, mu me ya sa ba a yi mana ba?"

"Ku ai kuna da katin shaida," ya ce. "Ga fasfo har da na zuwa Malesiya."

Ankul ya kankare fuskar ya sake ta daga farko. Wannan karon bai ce in zauna ba, hoton Baba da na ɗauka a kan allo ya kafe a gabansa. Sai dai fentin mai ba ya jin sauri, kuma Ankul ya fi fentin rashin jin sauri. Sai wannan shimfiɗa ta bushe za a ɗora wata. Ni ina ƙirga kwanaki, ƙanwata tana turo labari mara daɗi: yau ya yi tuntuɓe da buta, jiya bai gane maƙwabci ba sai da ya yi magana. Na matsa wa tsohon lamba har ya daina amsa mini. Ranar da ya ce an gama, na kira gida ko zama ban yi ba. Aka kai wa Baba wayar. Ya matso da ita, ya nisanta, ya karkata kai.

"Haske nake gani kawai," ya ce. "Amma na san ya yi kyau. Allah ya saka."

Na ajiye wayar na zauna a kujerar robar nan. Aka kece da ruwan yamma irin na garin, mai zuwa ba sallama. Na ce wa Ankul ya bar shi kawai, mun makara, ya rataye a bangonsa cikin sauran. Na faɗa da ɗaci, kuma rabin ɗacin da shi nake. Ya tambaye ni dai in sake ba shi labarin rumbun nan da ɗan yatsa, wanda na riga na ba shi. Na ba shi a gajarce don ya ƙyale ni. Ya ɗauki zanen ya shiga ya rufe ƙofa.

Kwana uku bai buɗe ba, cefane ma sai dai in rataye masa a hannun ƙofa. A na huɗu ya buga tawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya jingine zanen a bango ya ja da baya taku uku.

"Rufe idonka ka taɓa," ya ce. "Zane ba a taɓa shi, amma wannan a taɓa lah."

Na rufe ido na kai hannu. Ya yi amfani da 'yar wuƙar fenti ya tara fentin da kauri, ya tayar da bakin hula, da karan hanci, da gefen fiffiken jirgin, yadda yatsa zai sami hanya. A kumatun kuwa kowane layi ya tashi ɓaro-ɓaro, huɗu, biyar, da bille. Ya ce sai ya yi makonni kafin ya gama yin tauri, kuma kada a kuskura a naɗe shi. Na so in ba shi haƙuri a kan maganganuna, ya ɗaga hannu ya ce in kawo masa shayi.

Sai da muka ƙara wata biyu kafin a sami mai tafiya. Wani ɗan uwanmu ɗalibi da ya kammala karatu ya sami kujera a jirgin da aka shirya wa masu komawa gida, ya yarda ya riƙe shi a hannu. Na samo kwalaye a kasuwar Chow Kit muka yi masa gida. Ƙanwata ta ce ya iso Kano yana warin busasshen kifi.

Ranar da za a ba Baba, na buɗe ƙofata na kira Ankul ya tsaya a bakinta, na ɗaga wayar yadda zai hango. Baba yana zaune a kan darduma a inuwar tsakar gida. Ƙanwata ta ɗora masa zanen a cinya ta ce, "Baba, Yaya ya ce da hannu za ka duba." Ya shafa sama tukuna, ya ci karo da fiffike, ya bi shi har ƙarshe.

"Jirgin ke nan," ya ce.

Hannun ya gangaro ya sami bakin hula, ya tsaya. Ya sauko goshi, ya bi hanci, ya karkata zuwa kunci. Na ga leɓensa yana motsi. Ya gama ɓangare ɗaya ya koma ɗayan, ya gama, ya ɗan laluba sama kaɗan har ya sami billen. Ɗaya hannun ya tashi da kansa ya tafi nasa kuncin. Ya daɗe a haka, hannu ɗaya a can, ɗaya a nan.

"Boleh?" Ankul ya tambaya a hankali daga bakin ƙofa, wato ya yi? Na gyaɗa masa kai ban juyo ba.

"Shi ne," in ji Baba. "Allah ya jiƙanka, Baba."

Sannan ya janye hannunsa ya gyara zama, ya tattara ƙafafunsa, ya sunkuyar da kai ƙasa yadda aka koya masa. Tsoho mai shekara kusan tamanin, wanda idonsa ba ya ganin komai, ya kawar da ido daga fuskar mahaifinsa. Ƙanwata ta rasa inda za ta nufa da wayar, ta ce, "Yaya, in kashe?"

Na ce ta bar ta a kan fuskarsa, ban gama kallo ba.